Mai Guga Ba Ya Sauka Sai Kori Ya Zo

Direban da ya ɗauko ni daga Damagaram ya rantse mini da Allah cewa har Agadas zai kai ni. A Adarbisinat ya yar da ni. Ya ce kowa ya sauka ya kama ruwa kafin a duba taya. Ina tsugune bayan wata katanga na ji kamiyon, babbar motar da ta kawo mu, ya tashi, da jakata a ciki, da babbar rigar da na sa ranar da aka rantsar da ni a majalisar dokokin jiharmu. Na biyo shi da gudu, buta a hannu, ina kiran "Direba! Direba!" sai ka ce mutumin da zai ji kunya ya tsaya. Waɗanda ke zaune a bakin hanya ko motsi ba su yi ba. Sun ga irina da yawa.

Sunana Sama'ila. Malamin firamare ne ni kafin tsautsayi ya kai ni siyasa. Na ci zaɓe, na shiga majalisa, kujerar ko ɗumi ba ta yi ba soja suka karɓi mulki. Aka ce duk ɗan siyasa ya kai kansa wurin 'yan sanda. Abokan zamana da suka kai kansu ba su dawo ba, ni kuwa na bar matata Rabi da 'ya'ya na tsallaka iyaka. Ban san na baro soja ne na taho wurin soja ba sai da na fara cin karo da shingen jandarma, sojan da ke tsaron hanya. Ga kuma fari. Tun daga Tanut hanya ba ta da abin kallo sai mushen shanu, wasu ko ungulu ta ƙi su.

A Adarbisinat wata Buzuwa mai sayar da cuku ta dube ni, ta dubi butar da ke hannuna, ta karya rabin cuku ta miƙo mini. Ya yi tauri kamar tafin takalmi, amma wallahi har yau ban ci abin da ya kai shi ba. Ita ce kuma ta roƙi wani mai motar albasa ya ɗora ni a kan buhuna. Haka na shiga Agadas, ina warin albasa, babu hula.

Ban san kowa ba. Na yi ta bin lungu ina kallon hasumiyar masallaci don kada in ɓata, har ƙishirwa ta zaunar da ni a gindin wani bango a unguwar Dagmanet. Nan wani tsoho ya zo wucewa da baƙin jaki ɗauke da salka biyu. Na ce, "Baba, don Allah ruwa." Ya kwance bakin salka ya tsiyaya mini a tafin hannu. Ruwan ja ne, da laka a ciki, na shanye.

Ya ce, "Daga kudu kake."

Na ce, "Daga kudu, Baba."

"Wurin wa ka zo?"

Na ce ba ni da kowa. Ya ɗaure bakin salkarsa ya ce, "To, tashi mu je, wurina ka zo."

Shi ne Baba Sidi, mai sayar da ruwa. Matarsa Inna Gaisha ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta kawo mini tuwon jar dawar nan ta taimako da ake rabawa, wadda a garinmu ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci. Ba su da ɗa a gida. Abin da suka mallaka shi ne ɗaki biyu, da zauren, da jakin nan mai suna Duna. Kafaɗun Baba sun gaji da jan igiya, don haka na zama mai ja masa guga, shi yana kora jaki. Hannun da ya saba da alli ya ɗaɗe, ya fashe, ya warke, ya sake fashewa.

Masu sayar da ruwan unguwar rijiya ɗaya suke ɗiba, a bakin rafin Telwa, wanda su suke kira kori. Kori yashi ne zalla duk shekara, sai an yi ruwa a duwatsun Abzin yake taho da ambaliya. Masu ruwan suna da shugaba, ana ce masa mai guga. Shi ke fara ɗiba da sassafe, shi ke raba wa kowa lokacinsa. Kuma tun kakanninsu ga yadda suke yi: ranar da kori ya fara zuwa a shekara, ranar mai guga ke sauka, ya miƙa gugan ga wanda ke binsa a shiga sana'ar. Ba ya zarcewa, ba ya zaɓar magaji. Sharaɗi ɗaya ne, sai mai jakin kansa. Wanda ya rasa jaki ya fita layi, aro ba ya shiga.

A lokacin wani ƙaƙƙarfan mutum mai suna Ilyasu ke riƙe da guga, Baba Sidi ne ke binsa. Matsalar ita ce daminar da ta wuce kori bai zo ba. Ko ɗigo. Don haka Ilyasu bai sauka ba.

In rijiya na da ruwa, safe da rana duk ɗaya ne. A fari kuwa, wanda ya ɗiba da safe shi ke samun ruwa garau, ya yi sawu uku ko huɗu, ya sayar a gidajen ma'aikata. Wanda aka ba tsakar rana sai ya tsaya rijiya ta tsattsafo, ya kwashi laka, ya yi sawu ɗaya, a saya da raini. Ilyasu ya ba Baba Sidi tsakar rana. Abin da muke samu bai isa tuwo da ciyawar jaki ba, ciyawar ma daga duwatsu ake kawo ta kamar magani. Duna ya fara cin kwali a bola. Ina kallon haƙarƙarinsa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kuma na san in ya faɗi kafin kori ya zo, Baba ya rasa guga, ya rasa sana'a, sai sansanin 'yan gudun fari da ke bayan gari.

Ni mutum ne mai saurin fushi, Rabi ta sha faɗa mini. Wata rana muna tsaye rana na dukanmu, Ilyasu ya zo ya sa ƙanen matarsa a gabanmu. Na ce masa ba daidai ba ne. Ya ce, "Kai kuma a wa? Mai jan igiya ba ya magana a nan." Na ce, "Ka san da wanda kake magana kuwa? Ni ɗan majalisa ne a ƙasarmu!" Kai, ina ma na haɗiye ta. Dariya ta ɓarke a bakin rijiya, har wani ya saki igiya. Daga ranar sunana ya koma Depite, yadda suke kiran ɗan majalisa. "Depite, jawo guga." "Depite, jakinka ya yi kashi."

Da muka koma gida Inna Gaisha ta ce, "Ashe babban mutum muke ba jar dawa." Ta ƙara mini miya. Baba kuwa ya ce in ba shi labarin yadda mutum ke zama depite, na ba shi.

Na ce masa mazaɓarmu gari biyu ce, namu da na ƙetaren gulbi, kujera kuwa ɗaya. Dattawa suka zauna suka yanke cewa kowane gari wa'adi ɗaya zai yi ya ba ɗan'uwansa, wanda ya hau ba zai sake nema ba. Na ƙetaren gulbi ya fara. Da ya ga wa'adinsa ya kusa, kuma ba ya bukatar ƙuri'armu, sai ya daina zuwa mana ko ta'aziyya, rijiyar burtsatsen da aka ba mazaɓa ya haƙa ta a ƙofar gidan surukinsa. Wannan illar abin ke nan, ban ɓoye ba. Amma fa muna zaginsa a kasuwa da rana tsaka, don mun san mai tafiya ne. Da kujera ta zama babu kowa a kai, garinmu ya fito da 'yan takara har da mai facin keke, kowa ya ga zai iya. A mazaɓar da ke maƙwabtaka da mu kuwa, da nasu ya sake tsayawa, babu wanda ya yi ƙarfin halin fitowa sai wani mai taɓin hankali. Da babu wa'adin nan, malamin firamare irina ko a mafarki ba zai shiga majalisa ba.

Na ce, "Baba, dubi rijiyarku. An ce a da kuna tsokanar mai guga, kuna ce masa ya ci a hankali, hadari ya taso. Yanzu wa ke tsokanar Ilyasu? Jiya na ga mutum ya kawo masa sukari da ganyen shayi. Ku mayar da wa'adin nan daga babbar salla zuwa babbar salla. Salla ba ta fasa zuwa."

Baba ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, jinjirin wata ma ana gardamar ganinsa. Iyayenmu sun ba kori maganar ne don shi ba a kai masa sukari. In ya zo kowa ya gani, babu mai cewa bai zo ba. Ilyasu zai sauka."

"Yaushe?"

"In kori ya zo."

"In Duna ya riga shi fa?"

Ya tashi ya yi alwala.

Ban haƙura ba. Abin da na iya ke nan a duniya bayan alli, bin mutane ɗaya ɗaya. Na bi masu ruwan nan a gidajensu, a masallaci, a wurin mai shayi. Ban yi wa kowa alkawari ba don ba ni da ko allura. Tambaya kawai nake yi: wane lokaci aka ba ka? In fari ya ƙara shekara fa? Kai na nawa ne a layi, kana ganin jakinka zai kai? Wasu su ce in rufa musu asiri in tafi, wasu su ja ni cikin zaure su yi ta zuba. Gaskiya na ji daɗin kwanakin nan, ƙafata ta tuna aikinta. Sai dai in na wuce shagon da ake kama rediyon gida na ji muryar mutanenmu, sai in tuna ban san ko Rabi na da hatsi ba.

Kafin babbar salla na tabbata mun fi mutanen Ilyasu yawa nesa ba kusa ba. Aka sa taro bayan la'asar a ƙarƙashin aduwar da ke kusa da rijiya. Kowa ya zo, jakuna na ɗaure a gefe. Na yi bayani a taƙaice, na ce wanda ya yarda a mayar da wa'adi daga salla zuwa salla ya ɗaga hannu. Hannuwa suka fara tashi.

Ilyasu ya ce a dakata. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "'Yan'uwa, kun san gidana. Dangina na daji da dabbobinsu suka ƙare duk suna tsakar gidana, har a zaure ake kwana. Ban hana kori zuwa ba, ban kuma karya abin da muka gada ba. Amma ban ƙi maganarku ba. Abu ɗaya ne, kun san zamanin da muke ciki. Taron ɗaga hannu siyasa ce, siyasa kuwa sai da izinin kumandan jandarma. Gobe da safe sai mu ɗunguma mu je jandarmari, da mu da wanda ya kawo shawarar. Ya nuna musu kartidantite ɗinsa, ya yi musu bayanin yadda ake yi a ƙasarsu, da dalilin da ya sa ya baro ta."

Ba ni da takardar shaida ko ɗaya, ta tafi da jakata, kuma ko tana nan ba abin nunawa ba ce. Kowa ya san abin da ake yi wa irina: a sa ka a mota a miƙa ka ga sojan ƙasarku a bakin iyaka. Duk da haka hannuwa ba su sauka duka ba, har wani ya ce, "Mu je ɗin mana!" Da an ƙirga a lokacin, wallahi da mun ci.

Sai Baba Sidi ya dafa sandarsa ya miƙe. Ya ce, "Ku sauke hannuwanku. Wa ke bin Ilyasu? Ni ne. To ni ban aiki kowa ba, kuma ba na so. Kori ya ɗora shi, kori zai sauke shi. Wannan yaron baƙona ne, rana ce ta taɓa shi, ba a saba da irinta a garinsu ba. Ba a yi taro a nan ba, jakuna muka zo dubawa. Ilyasu, ko an yi taro?"

Ilyasu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba a yi ba, Baba."

Aka watse.

A hanya ban iya riƙe bakina ba. Na ce, "Haba Baba! Mun fi su yawa fa! Barazana ce kawai, ba zai je ba."

Ya ce, "In ya je fa?"

"Ai ni za a kama, ba kai ba."

Ya tsaya cak ya dube ni, ran nan kaɗai na ga ɓacin ransa. Ya ce, "A gidana kake kwana. A zo har zaurena a ɗauki baƙona don in samu ruwan safe? Da wane ido zan kalli mutane? Kada ka ƙara yi mini wannan maganar."

Ban ƙara ba. Na ji kunya, na ji haushi, na kuma ji sanyi a raina cewa ba za a miƙa ni ba, kuma wannan sanyin shi ya fi ci mini rai.

Muka koma tsakar ranarmu. Abin mamaki, bayan taron Ilyasu ya kan aiko wa Inna Gaisha da tulun ruwan safe jefi jefi, amma lokacinmu bai canja ba. Zafi ya shigo irin wanda ban taɓa sani ba. Inna ta sayar da tabarmin da take saƙawa, ta sayar da munduwarta, duk a cikin Duna. Ni na riƙa bin kasuwar dabbobi ina tsintar abin da raƙuman fatake suka zubar. Muka rage masa kaya zuwa salka ɗaya, ɗayar ina saɓa ta a kafaɗa. Wani lokacin in ya tsaya sai Baba ya rungumi wuyansa yana yi masa magana a kunne kamar ɗa.

Ya faɗi ne a hanyar dawowa daga rijiya, da rana, a gaban shagon wani maƙeri. Ya durƙusa da ƙafafun gaba, ya kwanta a kan salkar, ruwan ya malale a ƙasa. Muka ɗaga, maƙerin ya fito ya taya mu, ina! Kafin la'asar ya mutu. Baba ya kwance akumarin ya ɗora a kansa muka taho gida. Inna Gaisha na ganinmu ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta shige ɗaki.

Daga nan na samo garwa biyu da sanda, ina sayen ruwa a hannun masu jakuna ina zagawa da shi a kafaɗa. Abin da ke shigowa bai taka kara ya karya ba, amma ya hana mu zuwa sansani. Baba ya daina zuwa rijiya. Ya kan zauna a zaure yana gyaran igiyoyin da babu abin da za a ɗaura da su.

Ba a yi wata biyu ba kori ya zo. Da hantsi ne, sama garau, a cikin gari ko yayyafi ba a yi ba, can Abzin aka yi ruwan. Ina tafe da garwa na ji guɗa daga arewa, sai ga mutane na gudu, mata da maza, ana cewa, "Telwa ya zo! Telwa ya zo!" Na ajiye garwa a tsakiyar hanya na koma gida. Na tarar Baba ya riga ya sa rigarsa ta Juma'a, yana naɗa rawani.

Na ce, "Baba, ina za ka?"

Ya ce, "Yau ake miƙa guga."

Na riƙe hannunsa muka tafi. Ruwan ja wur, yana tafe da kumfa da itatuwa da ƙasusuwan dabbobi, yana cika yashin nan daga gaɓa zuwa gaɓa. Mutane na kuka, wasu na faɗawa ciki da tufafinsu. Masu ruwa suka taru a gefe ɗaya. Ilyasu ya zo da gugan a hannu, babu wanda ya kira shi, babu wanda ya tuna masa. Ya tsoma shi a kori ya cika, kamar yadda ake yi. Ya juyo ya tsaya a gaban Baba Sidi.

Baba ya ce, "Wuce mana. Ka san ba ni da jaki."

Ilyasu ya wuce, ya miƙa wa na bayan Baba, wani mai suna Gali. Aka shafa fatiha, muryar Baba ce ta fi ta kowa a wurin amin. Ni ban iya ɗaga hannu ba, na rasa wanda zan zaga.

Da mutane suka fara raguwa ya ce in riƙe shi ya sa ƙafa a ruwan. Na riƙe shi, ya tattare riga, ya shiga har idon sawu. Babu nauyi a jikinsa ko kaɗan. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya juyo ya dube ni, fuskarsa a sake.

Ya ce, "Depite, ka gani ko? Na ce maka zai sauka."